Alhaji, Ba Riba Kake Ci Ba, Uwar Kuɗi Ce

"Assalamu alaikum. Ni ɗan kasuwa ne a Kantin Kwari, shekarata 44, ina sayar da shadda da atamfa. Ina da shago biyu da sito, da yara huɗu a ƙarƙashina. Da na idar da Asuba nake shirin fita, ba na komawa gida Rijiyar Zaki sai bayan goma na dare, sannan ƙarfe biyu in tashi in yi waya da masu kamfani a Caina. Ranar Lahadi ma ina sito. Mako biyu ke nan matata ta yi yaji, ta ce ita da 'ya'yanta ba su da miji ba su da uba, sai mai biyan kuɗi. Babban ɗana mai shekara 15 ya faɗi jarrabawa, an ce ba ya zama a aji. Mahaifiyata tana Mandawari, rabona da ita ya kai wata biyu, sai dai aike. A kemis an auna jinina an ce 165 bisa 100. Wallahi ban rage su da komai ba, kuma don su nake wannan wahala. In na saki shago yara su cinye ni. Abokai sun ce in ƙara aure ta shiga hankalinta. Ina mafita?"

Wa alaikumus salam, Alhaji. Allah ya ba ka lafiya, ya daidaita tsakaninka da iyalinka.

Ba za mu ce maka kuɗi ba komai ba ne. Wanda yake yin cefane a garin nan yana biyan kuɗin makaranta ba zai faɗi haka ba. Tsoron da yake koranka ma yana da tushe. A watan Yunin 2023 da aka saki Naira kasuwa ta riƙa yanka mata farashi, dala tana wajen Naira 460 a farashin gwamnati. Zuwa Fabrairun 2024 ta haura 1,500. Duk mai shigo da kaya ya ga yadda kuɗin da ke cika masa kwantena ya koma da ƙyar yake sayen rabinta. Tun daga nan da yawanku kuke gudu, ba don ku ci gaba ba, don kada ku koma baya.

Sai dai kai ma ka san irin ɗan kasuwar nan da kullum aljihunsa cike yake, yana murna ciniki ya buɗe, ashe uwar kuɗi yake ci, ba ya ganewa sai ranar ƙirga kaya. Shekarun nan abin da kake zara kana zubawa a shago shi ne barcinka, da haƙurin matarka, da tarbiyyar ɗanka, da lokacin da ya rage wa Hajiya mahaifiyarka a duniya. A wata guda duka huɗun suka zo maka da lissafi.

Mu fara da jinin, don shi ba ya jira ka gama shawara. Awo ɗaya a kemis, kana tsaye da waya a kunne, ba ya tabbatar da hawan jini, amma 165 bisa 100 ya zarce 140 bisa 90 da likitoci suke ɗauka a matsayin iyaka, kuma ba da kaɗan ba. Cikin makon nan ka ga likita, ko a Asibitin Murtala, ko na Nasarawa, ko na Malam Aminu Kano, ko na kuɗi wanda ka yarda da shi. Ka nemi a duba maka suga da safe kafin ka ci komai, da aikin ƙoda, da fitsari, da kitsen jini. Ka sayi na'urar awo ta damtse, ba ta wuyan hannu ba. Yadda ake awon: ka zauna minti biyar ka jingina bayanka, ƙafa a ƙasa, hannu a kan tebur daidai ƙirji, ka auna sau biyu da safe sau biyu da dare, kwana bakwai a jere, ka rubuta a takarda ka kai wa likitan.

Abin da yake kayar da 'yan kasuwa a nan sananne ne. Mutum ya sha magani mako biyu, ya ji garau, ya ajiye. Hawan jini ba ya yi wa mai shi ciwo, don haka jin daɗin jiki ba shaida ba ce. Ba a daina maganin sai likita ya ce. Sai haɗin kemis na ciwon jiki da ake watsawa da yamma: mafi yawansa akwai diclofenac ko ibuprofen a ciki, waɗanda suke ƙara hawan jini, su taɓa ƙoda, su tayar da gyambon ciki. Ka bar su, ka bar lemon ƙarin kuzari. Gishirin da ya kamata babba ya ci a yini bai kai giram 5 ba, kusan ƙaramin cokali guda, alhali abincin kasuwa da dunƙule ake gina ɗanɗanonsa, don haka a riƙa kawo maka na rana daga gida. Idan kuma wata rana baki ya karkace, ko hannu ya mutu, ko magana ta sarƙe, ko ƙirji ya ɗaure, ba a jira a tashi daga kasuwa, asibiti ake nufa nan take. Ka gaya wa yaranka wannan, don su ne za su kasance kusa da kai.

Tashin ƙarfe biyun nan kuwa ba dole ba ne. Caina tana gabanmu da awa bakwai. Ƙarfe biyun darenmu shi ne taran safensu, shi ya sa kake tashi. To amma bakwai na safe a Kano biyun rana ce a can, goma na safe kuma biyar na yamma, duk suna bakin aiki. Ka sanar da wakilinka da masu kamfani cewa daga yanzu tsakanin bakwai da goma na safiyar Najeriya za a same ka, abin da ya taso kafin nan a bar maka saƙo. Mai son kuɗinka zai jira awa biyar. Babba yana buƙatar barcin awa bakwai. Kai a yanzu gutsattsarin awa uku da awa biyu kake yi, kuma wannan kaɗai ya isa ya riƙe jini a sama, ya sa ka shigo gida kana hargagi a kan abin da bai kai ya kawo ba.

Sai biko. Mako biyu ya yi yawa, kada ya shiga na uku. Ka je da ƙafarka, tare da kawunka ko yayanka wanda iyayenta suke jin nauyinsa. Kada ka tura direba da buhun shinkafa, kada ka tura mata kuɗi a asusu a madadin zuwa, domin wannan shi ne ainihin abin da ta kai ƙara a kansa. Kuma maganar nan ta "ban rage su da komai ba" ka bar ta a mota. Ci da sha da sutura da muhalli wajibinka ne, kana da lada a kai, amma zama da iyali da kyautatawa shi ma wajibi ne. Lokacin da Salmanul Farisi ya ce wa Abud Darda'i Ubangijinka yana da hakki a kanka, kanka yana da hakki a kanka, iyalinka suna da hakki a kanka, kuma Manzon Allah (SAW) ya gaskata shi, ba kasuwa ce ta ɗauke Abud Darda'i daga matarsa ba, azumin nafila ne da tsayuwar dare. In ibada ba ta zama uzuri ba, dilar shadda ba za ta zama ba.

Idan an ba ku wuri ku biyu, ka tambaye ta abin da ya fi yi mata ciwo, ka yi shiru har ta gama, ko da ta haɗa da abin da kake ganin ba haka aka yi ba. Kada ka ce "zan canza", ta sha ji. Ka faɗi rana da lokaci a gaban shaida: kwana uku a mako za ka yi Isha'i a masallacin unguwa ka ci tuwon dare da su, Lahadi daga Azahar kana gida. Ka yi alƙawarin ƙasa da abin da kake jin za ka iya. Alƙawarin kwana uku da aka cika ya fi na bakwai da ya karye a mako na biyu, don karyewar farko ita za ta tabbatar mata da abin da take zargi.

Shawarar abokanka kuwa, ƙarin aure halal ne, amma ba bulala ba ne. Mutumin da bai samu awa biyu ya ba gida ɗaya ba, me zai raba wa gida biyu? Ga lefe, ga muhalli, ga cefane ninki biyu, wato ƙarin dalilin kwana a kasuwa. Ka ajiye wannan magana tukuna.

Yanzu mu zo kan abin da duk alƙawuran nan suka rataya a kansa. Ka ce in ka saki shago yara su cinye ka. Mun yarda, a yadda shagon yake yanzu za su iya. Amma dalilin ba lallai mugun hali ba ne: komai a kanka yake. Kai ka san farashin ƙarshe, kai ka san wa ake ba bashi, kai ka san dila nawa ta rage. Shagon da lissafinsa yake cikin kan mutum ɗaya ya ɗaure mutumin nan ke nan har ranar da zai faɗi.

Ka ware Lahadi guda ku ƙirga komai, shago da sito, turmi-turmi, bandir-bandir, a rubuta. Daga nan kowane shago ya samu littafin shige da fice mai gida shida: kwanan wata, irin kaya, adadi, farashi, yadda aka biya (tsaba ko taransifa ko bashi), da sa hannun wanda ya sayar. Wanda yake riƙe kuɗi daban, wanda yake riƙe makullin sito daban. In mutum ɗaya ya haɗa biyun, babu littafin da zai kama shi. Kaya ba sa fita daga sito sai da takarda mai kwafi biyu, ɗaya wajen mai sito ɗaya wajen mai shago. Taransifa asusun shago kaɗai take shiga, ba na wani yaro ba, kuma ba a sakin kaya don an nuna rasit a waya, sai an ga kuɗin sun zauna a asusu, saboda alat na bogi. Ka rubuta farashin ƙarshe na kowane kaya ka ba babban yaronka, domin rabin kiran da ake yi maka kana hanya na "Alhaji, ya taya kaza, in sallama?" ne. Bashi kuwa kai kaɗai kake bayarwa, kuma kowane kwastoma da iyakarsa a rubuce.

Ba sai ka ƙirga shago duka kowane mako ba. Ka zaɓi kaya goma da suka fi tafiya, ka ƙirga su ranar da yara ba su zata ba, ka gwada da littafi. Ƙirga na gaba ɗaya duk wata uku ya isa.

Akwai kuma maganar da iyayen gida ba sa son ji. Yaron da ya shekara bakwai yana buɗe maka shago, ba shi da albashi sananne sai kuɗin abinci da na mota da ɗinkin Sallah, bai san ranar da za a sallame shi ba, ga shi ya isa aure, wannan yaro ka riga ka koya masa ya biya kansa da kansa. Ka yanka wa kowa albashi, ka sa wa babban yaron kamasho a kan ciniki, ka faɗa masa shekarar sallama da abin da za a sallame shi da shi, a gaban mahaifinsa ko wani dattijon layi. Wanda ya ga jarinsa yana tafe ba ya son shagon ya rame.

Sannan ka gwada a hankali. Mako biyun farko, rana ɗaya ka tafi bayan La'asar, ka duba cinikin ranar da na sauran ranaku. In lissafi ya daidaita ka ƙara rana. Za a samu 'yar asara: wani kwastoma zai ce shi sai da Alhaji, ya juya, wani yaro zai sallama kaya ƙasa da yadda kai za ka sayar. Ka sa wannan a lissafin kuɗin gudanar da kasuwa, kamar haya da kuɗin dako. Masu komawa gidan jiya galibi a nan suke komawa, ranar da suka ga giɓin dubu ashirin sai su ce "ai na faɗa", su manta nawa kwana ɗaya a gadon asibiti yake ci.

Abu na gaba shi ne ka san nawa ne ya ishe ka, da alƙalami. Mafi yawan masu irin matsalarka ba su taɓa yin wannan lissafi ba, shi ya sa gudun ba shi da wurin tsayawa. Ka haɗa abin da gida yake ci a wata: abinci, wuta da gas da mai, magani, kuɗin makarantar shekara a raba 12, abin da kake ba Hajiya, da na biki da suna da taimakon dangi, ka ɗora kashi 10 cikin 100 saboda abin da ba a zata ba. Wannan shi ne albashinka. Ranar ɗaya ga wata ya fita daga asusun shago ya shiga wani asusu daban, kuma hannunka ya daina shiga cikin cinikin yini. Sai ka tara na wata shida irinsa a wajen kasuwa. Gobarar kasuwar Sabon Gari ta Maris 2016 da ambaliyar da ta shiga Kwari a Agustan 2022 sun nuna abin da ke samun wanda duk abin da ya mallaka yana cikin shago. Ka kuma tambaya game da takaful, inshorar Musulunci, a kan kayan sito.

Jarinka kuma ka daina auna shi da Naira, ka auna shi da kaya. In bara dila 200 gare ka, bana ma 200, bayan gida ya ci an fitar da zakka, to ba ka faɗi ba, ko me lambobin asusu suka nuna. Ranar da kake fitar da zakka ita ta fi dacewa da wannan awo, tunda dama mai jujjuya kaya irinka yana ƙiyasta kayansa da farashin ranar, ya haɗa da tsabar kuɗi da bashin da yake sa ran karɓa, ya fitar da kashi biyu da rabi cikin ɗari. Yadda za ka cire bashin da ake bin ka, ka zauna da malami.

Daga nan ka jero duk abin da ka ɗora wa kanka na biya: adashi nawa kake zubi, fili nawa kake biya kashi-kashi, kango nawa yake jiran siminti. Ka haɗa su ka gwada da ribar wata bayan an cire albashin gida. Sau da yawa a nan ake gano cewa ba ciyar da iyali ne yake hana mutum barci ba, zubin adashi uku ne da ginin da aka fara don wane ya fara nasa. Wanda ya fi ƙarfin riba, ko ka sayar ko ka dakatar. Shekara guda kada ka ɗauki sabo, ko shago na uku ne aka yi maka tayinsa da araha. Da za ka rage zaman majalisar bayan Magariba inda hirar duk ta wa ya sauke kwantena nawa ce, da ka samu awa biyun da za ka ba gida.

Ɗanka kuwa, kada ka fara da duka, kada kuma ka fara da sauya masa makaranta mai tsada, wanda shi ne abin da mai kuɗi yake fara tunani. Ka je makarantar da kanka ranar aiki, ka ga malamin ajinsa, ka ce a nuna maka rajistar kiran suna. A nan za ka ga ranakun da yake fashi da darasin da yake gudu. Ka karɓi lambar malamin, ka yi haka a Islamiyya. Ka san abokansa uku da sunan iyayensu da inda suke zama. Ka lura, ba tare da tuhuma ba, ko akwai jan ido, barcin rana mai nauyi, lauyewar harshe, ko ɓatan kuɗi a gida. In ka ga biyu ko uku sun haɗu, likita za ku gani tare, ba ɗaki za a kulle shi ba. In babu, to mai yiwuwa yaro ne da ya gane ba mai duba littafinsa. Ranar Asabar ka tafi da shi kasuwa rabin yini, ka ba shi littafin shige da fice ya riƙa cikawa. Tafiyar mota daga Rijiyar Zaki zuwa Kwari da cunkoson Kabuga ta isa hira, in ka kife wayarka. Ɗan shekara 15 ba ya buɗe baki in an zaunar da shi an ce "faɗa min damuwarka", amma yana yi in ana tafe ana kallon titi. Asabar ɗin ƙarshen wata ma, da ake tsaftar muhalli ba fita daga bakwai zuwa goma, awa uku ce da hukuma ta riga ta ba ka a gida.

Hajiya ba ta buƙatar tsari mai tsawo. Mandawari a kan hanyarka take. Ka tsayar da safiya biyu a mako, ka shiga ka gaishe ta ka zauna minti ashirin, ka sha kokon da za ta sa a kawo maka ko da ka riga ka karya. Aiken ya ci gaba, amma kai ka riƙa kai shi. Ka kuma gaya mata maganar yajin da bakinka kafin ta ji a wajen wasu, in ba ta riga ta ji ba. Wataƙila ita ce za ta fi kowa saurin dawo maka da matarka.

Inda tsarin nan zai fi jijjiga shi ne daga Sha'aban zuwa jajiberin Ƙaramar Sallah, sai kuma gabanin Babba, lokacin da Kwari take cika har ba wurin sa ƙafa. Ba za mu ce ka tashi da La'asar a irin wannan lokaci ba, cinikin shekara ne. Ka faɗa wa iyalinka tun kafin ya zo cewa makonni kaza za ka riƙa yin dare, ka riƙe shan ruwa a gida ko sau biyu a mako, maganin jini kuma likita ya tsara maka lokutan shansa da azumi. Bayan Sallah, da kasuwa ta yi sanyi, ka biya su da mako guda cur wanda ba ka leƙa shago.

Kafin nan, a Lahadin da za ku yi ƙirga, ka rubuta duk wanda kake bi da duk wanda yake bin ka, da asusun bankunanka, da inda takardun filaye suke, da kayan da suke kan hanya da sunan wakilin da ke riƙe da su. Kwafi ɗaya a sito, ɗaya a gida wajen uwargida in ta dawo, kuma ka zauna ka karanta mata shi layi-layi har ta gane.